Faifai Na Uku: Ta'aziyyar Injiniya Mala Modu

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Na faɗi haka a bakin kabari, ina sake faɗa yanzu da alƙalami a hannu, don zuciyata tana bukatar a riƙa tuna mata. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Injiniya Mala Modu a gidansa da ke Haɗeja, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Kafin la'asar mun sallace shi, mun kai shi makwancinsa. Ya bar mahaifiyarsa Hajiya Ya Gana, da matarsa Jannat, da 'ya'ya biyu, Abdulfattah da Mansura.

Dattawa sun ja mini kunne cewa ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. Na ji, na kuma gode. Amma Mala ya bar duniya da wata takarda a kansa, wadda ta ce sakacinsa ne ya salwantar da aikin shekaru, kuma har yau ba a janye ta ba. Ni Shu'ibu Inuwa, ma'aikacin ɗakin gwaji a cibiyar da muka yi aiki tare, na san ƙarya ce. In na jero yabo na yi shiru a kan wannan, to ban yi masa ta'aziyya ba, na taya masu ƙarya rufe kabarin ne kawai.

Duk Bahaɗeje ya san yadda ciwon ƙoda yake ɗaukar mana mutane. Da wuya ka zauna a majalisa ba a ambaci wani da ake kaiwa wankin ƙoda ba. Cibiyarmu ƙarama ce, an kafa ta ne don a gano dalili. Aikina in shiga ƙauyuka, daga Kirikasamma zuwa Baturiya har Miga, in ɗebi jinin mutane da fitsarinsu da ruwan rijiyar da suke sha, in gwada, in shigar da sakamako a kwamfuta. Manoma da masunta sun yi ta miƙa mana hannuwansu shekara da shekaru, ba don muna ba su magani ba, sai don mun ce wata rana 'ya'yansu za su huta. Da yawansu suna ƙarƙashin ƙasa yanzu, ba za a sake ɗiban jininsu ba. Abin da ya rage nasu yana cikin wani injin ajiyar bayanai mai tsayin durowa, a wani ɗaki mai sanyi a saman bene. Mala ne mai kula da shi.

Mala, ka tuna ranar da aka kawo ka cibiya? Na ga zanen fuskarka, na ce ashe Babarbare aka ɗauko mana, yau kayan aiki sun shiga uku. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Bafillace a ɗakin gwaji? Allah ya sa ba nono yake zuba mana a kwalabe ba." Tun daga ranar ba mu taɓa gaisawa ba tare da mun yi gardamar wane ne bawan wani ba. Yau na wayi gari babu wanda zan tsokana, kuma wallahi abin yana mini ciwo fiye da yadda na zata.

Wata rana na bi ka saman benen don in sha sanyi. Ga faifai a jere cikin injin, sahu bisa sahu, kowanne da 'yar koriyar fitilarsa. Mu kuwa a kwamfutocinmu na ƙasa faifai huɗu muke gani, da sunaye: Haɗeja, Kirikasamma, Baturiya, Miga. Kai ka raɗa musu sunayen, don kowa ya san inda zai zuba aikin yankinsa. Na ce, "To Babarbare, nuna mini faifan Miga a cikin waɗannan."

"Babu shi," ka ce.

"Kamar yaya babu shi? Abin da nake buɗewa kullum?"

"Abin da kake buɗewa suna ne kawai. Injin ne yake nuna maka shi kamar faifai guda. In ka shigar da gwajin mutum ɗaya, sai ya yayyanka shi ƙanana-ƙanana ya watsa a kan waɗannan duka. Kowane faifai a nan yana ɗauke da ɗan abin Miga, da ɗan na Baturiya, da ɗan na Haɗeja. In ka zare guda ka tafi da shi gida, ba ka ɗauki komai ba, amma ka rage wa kowa."

Na ce to wannan ai ganganci ne, in ɗaya ya lalace fa? Ka yi dariyar nan taka mai girgiza kafaɗa, ka ce in ɗauka masunta uku sun dawo da kifi goma, ɗaya ya ce nasa biyar, ɗaya ya ce nasa uku. Na ukun ko bai zo ba, ai an san nasa. Haka injin yake yin wani lissafi a gefe, shi ma ya watsa shi a kan faifan, ya kuma bar ɗan fili a kowanne. In wani ya mutu, da lissafin nan zai gano abin da ya tafi da shi, ya sake gina shi a filin da ya bari, mu muna ƙasa ba mu ma san an yi ba. Ka ce ka tsara shi yadda ko biyu suka mutu lokaci guda babu abin da zai ɓata. Na ce uku fa? Ka ce uku sai addu'a.

Ba ni kaɗai ka yi wa wannan bayani ba. Ka yi shi a taron ma'aikata, ina wurin, kana tsaye da alli a hannu, Darakta yana latsa waya. Ka kuma roƙa a ba ka dama ka ajiye kwafi na biyu a wani gari can kan tudu, ka ce injin nan yana jure mutuwar faifai amma ba ya jure gobara ko hannun mutum. Aka ce maka a bari sai bayan damina. Damina ta wuce, wata ta zo, amsar ba ta sake ba.

A lokacin ciwon ya riga ya kama ka. Ka fara zuwa Kano wankin ƙoda, kai da kake tsaron bayanan masu ciwon. Motarka ba ta taɓa fita Haɗeja da kujera a fili ba. In ka ji wani marar lafiya zai je, sai ka biya ƙofar gidansu ka ɗauke shi da mai jinyarsa. Akwai wata dattijuwa daga Miga da ka taɓa bar wa layinka don numfashinta ya fi naka sarƙewa, ka zauna jira har yamma da ƙafafu a kumbure. Jannat ta yi maka faɗa a hanya, ka ce mata tsohuwar ta yi kama da Ya Gana. Mataimakiyarka Ummussalma Badamasi kuwa, babu abin da ka sani game da injin nan da ka ɓoye mata. Ka ce ba ka son aikin da zai mutu ranar da mai shi ya mutu.

Sai daminar bara. Kogi ya cika ya batse, ana ta raɗe-raɗin jinga za ta fashe, matasa suna ta cika buhuna da yashi. Kai kana Kano, kwance, an jona ka da injin wanki. Ni ina Baturiya, ruwa ya datse hanya.

Mu mutanen bakin kogi mun san abin yi in ruwa ya taso. Ba a tara kaya wuri guda. Buhun gero ya tafi gidan kawu a kan tudu, keken ɗinki gidan gwaggo, awaki wani wuri daban. In wani ya salwanta, wani zai tsira. Da wannan dabara iyayenmu suka rayu a fadamar nan, ban raina ta ba. Amma ita Darakta ya ɗauko ya hau bene da ita. Ya sa aka ɓalle kwaɗon ɗakin, injin yana aiki, ya ce a zazzare faifan a raba. Ya ɗauki na sama ya ce, "Wa ke aikin Miga? Zo ka karɓi naka." Ummussalma ta tare ƙofa tana cewa, "Ranka ya daɗe, babu faifan Miga, duk a haɗe suke, don Allah a bar su." Ya ce mata ruwa ba ya jiran Injiniya. Ta kira wayarka ba ta shiga. Aka yi ta miƙa faifai, ma'aikaci ya karɓa, maƙwabcin da ya zo taya jera buhu ya karɓa, babu wanda ya lura wa ya tafi da wanne.

Ruwan kuwa a matakalar farko ya tsaya. Ko ofisoshin ƙasa bai shiga ba, balle bene. Kai jama'a! Ruwan da zai hau saman benen nan ai sai ya shanye Haɗeja kaf, har da gidajen da aka kai faifan ajiya. Ba ambaliya ce ta taɓa injin nan ba, hannun mutum ne.

Da ka dawo ka ga ramuka a jikin injin, na zaci za ka tsine wa wani. Ni ne na yi ta zage-zage har murya ta dushe. Kai sai ka zauna a ƙasa ka jingina da bango, ka ce, "Mutanen kirki ne, sun so su taimaka. Mu je mu karɓo." Ka bi gida-gida a kan acaɓa, tsakanin wanki da wanki. Ka ce wa kowa ba sai an tuna ramin da aka zaro shi ba, kowane faifai ya san matsayinsa, a dai kawo. Aka yi ta kawowa, wani a cikin kwalla, wani a naɗe da zani.

Uku suka rage. Ɗanladi direba ya zo da kansa yana hawaye, ya ce kwalekwale ya kife da shi a hanyar garinsu, nasa yana ƙasan kogi. Ka dafa shi ka ce tunda shi ya fito, an gode Allah. Na biyu ya dawo a mace, wai ya faɗo daga saman durowa. Ka ce babu komai, injin zai iya jure biyu. Saura na uku. In ya dawo da rai, komai zai dawo. In bai dawo ba, sunayen nan huɗu ba za su sake fitowa a kwamfutar kowa ba. Ka ajiye kwali a masallacin cibiya, ka yi sanarwa bayan azahar cewa duk wanda faifan yake hannunsa ya jefa a ciki, ba ka son sanin ko wane ne. Kwalin ya zauna har ya yi ƙura, babu abin da ya faɗa ciki.

Daga nan aka kafa kwamiti, kuma wanda ya ɓalle kwaɗon shi ne shugaban kwamitin. Ka ji fa! Suka rubuta cewa Injiniya ya yi sakaci, ya cakuɗa bayanan yankuna wuri guda maimakon ya ware wa kowane yanki faifansa. Wato tsarin da ka yi don kada komai ya ɓata, shi ne laifinka. Babu layi ɗaya da ya ambaci kwaɗo. Babu layi ɗaya da ya ambaci kwafin da ka yi ta roƙo. Ummussalma ta nemi ta ba da shaida aka ce ita ɓangarenka ce. Ni aka ce ba na nan ranar, me na sani. Waɗanda suke nan, suka karɓi faifan da hannuwansu, suka sunkuyar da kai kowa yana tsoron kujerarsa. Aka dakatar da kai.

Garin nan ba ya riƙe magana. Kafin wata ya zagayo, a majalisu ana cewa Injiniyan nan ne ya zubar da jinin talakawa a banza. Wani manomi daga Kirikasamma, wanda ya rasa 'yan'uwa biyu da ciwon, ya tare ka a kasuwa ya ce Allah ya isa. Abdulfattah ya dawo daga makaranta da riga a yage don wani ya ce masa ubansa ya cinye amana. Wannan ita ce ranar da na ga hawayenka, kuma ba zan yafe ta ba.

Duk da haka ba sunanka ne ya fi damunka ba. Darakta ya so a goge abin da ya rage a fara sabo, don in baƙi sun zo su ga fitilu kore. Ranar da kake tattara kayanka ka ce wa Ummussalma, "Kada ki bari a goge. Muddin ba a goge ba, mutanen nan suna ciki. Ɗan'uwansu kawai suke jira." Yarinyar nan ta riƙe maganarka da haƙori. Yau ta ce akwai matsalar wuta, gobe ta ce sai an kawo wata wayar lantarki, an yi mata barazanar canjin wuri ta ce a canza. Aikin cibiya ya koma kan 'yan kwamfutocin tebur, injin yana can sama da fitilunsa rawaya, ba a taɓa shi ba.

Zuwana na ƙarshe wurinka da rana ne, kana kwance a tsakar gida kan tabarma, jiki ya ƙi karɓar wankin. Na ce Babarbare ka tashi, wa ya ba bawa izinin kwanciya gaban ubangidansa? Ka yi murmushi da ƙyar. Ka tambaye ni ko an duba kwalin masallaci. Na ce an duba. Ka ce, "Wataƙila mai riƙe da faifan tsoro yake ji. Kada ka zage shi, Bafillace." Ban yi maka alkawari ba, kai ma ka san ban yi ba.

Yanzu ga abin da ba ka gani ba.

Ranar sadakar uku, jama'a sun yi ta kawo gudummawa kamar yadda aka saba, buhuna suna sauka daga amalanke, babu mai tambayar na wane ne. Matan da suke girki suka farke bakin wani buhun shinkafa, aka tura kwano ciki, sai ya bugi wani abu mai tauri. Suka tono shi, a naɗe da leda, cikin ledar da tsumma mai tsabta. Aka kai wa Jannat a ɗakin takaba. Tana gani ta gane, don ta sha ganin irinsa a hannunka. Ta aika aka kira ni daga wurin maza, ta miƙo mini ta bayan labule, ta ce, "Malam Shu'ibu, ga abin da baban Mansura ya mutu yana jira."

Na kai wa Ummussalma. Ta hau bene ta zura shi a ramin. Fitilarsa ta yi ta ƙyaftawa, can ta tsaya koriya. Injin ya kama aiki, yana lissafinsa, yana cike gurbin biyun da suka mutu, daidai yadda ka ce zai yi. Kafin a yi sadakar bakwai sunayen nan huɗu sun dawo. Na buɗe Miga, na buɗe Baturiya, na bi mutanen da na ɗebi jininsu da hannuna. Duk suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

Ma'aikata sun yi kabbara, ni ban iya ba. Faifan nan lafiyarsa ƙalau, Mala. Ba ruwa, ba ƙura, ba tsaga. Wanda ya riƙe shi ya san darajarsa, ya adana shi kamar zinaren matarsa. Ya ji sanarwarka a masallaci. Wataƙila ka tsaya a ƙofar gidansa da kumburarrun ƙafafu, ya fito ya gaishe ka, ya ce ba ya wurinsa. Ya ji abin da aka rubuta a kanka, ya ji abin da ake faɗa a kasuwa, ya zauna yana kallo. Ko tsoro ne, ko kunya, ko kare wani yake yi, ban sani ba, kuma ban damu ba. Abin da na sani, ya jira sai da muka zuba maka ƙasa. Mai yiwuwa ma a sahuna ya tsaya a jana'iza, kafaɗarsa tana taɓa tawa.

Ranka ya daɗe Darakta, mun ga saƙon ta'aziyyarka, ka kira shi haziƙi mai riƙon amana. To wanne za mu ɗauka, saƙon ko rahoton kwamiti? Injin yana sama, fitilunsa kore, hau ka gani. Ka janye takardar nan, a karanta janyewar a masallacin da ya yi sanarwarsa, a kai labari kasuwar da aka ce masa Allah ya isa. Marayun nan da sunan ubansu za su yi yawo a garin nan, ba da saƙonka ba.

Ya Allah, bawanka Mala ya zo gare ka da jiki a gajiye. Ka sa ciwon da ya sha da zaluncin da ya haɗiye su zama kaffara gare shi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ya tsare amanar matattu alhali ana zaginsa a kanta, ka tsare masa nasa da ya bari. Duk wanda zai samu sauƙi nan gaba ta dalilin abin da ya hana a goge, ka rubuta masa ladan, ka haɗa shi da salihan bayinka a Aljannar Firdausi.

Hajiya Ya Gana, Allah ya ba ki haƙuri, kin haifi mutum. Jannat, Allah ya saka miki da alheri kan hanyar Kano da kika sha, ya dafa miki wurin riƙon yaran nan. Abdulfattah da Mansura, ku ɗaga kai, babanku bai ci amanar kowa ba, duk wanda ya ce ya ci ku turo shi wurina. Ummussalma, ke ma maraici ya same ki, Allah ya ƙara miki ƙarfin zuciya. Ga dangi na Haɗeja da na gabas, da duk waɗanda suka taɓa shiga motarsa zuwa wanki, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya sa mu cika da imani.

Kai kuma mai shinkafa, Jannat ta ba ni saƙo. Ta ce shinkafarka ba za ta shiga tukunyar sadakar mijinta ba. Ba za ta ci ba, ba za ta bayar ba, ba kuma za ta zubar da abincin Allah ba. Buhunka yana nan jingine a zaure, an ɗinke bakinsa, ko ƙwaya ba a taɓa ba. Ka zo da rana tsaka, gaban mutane, ka ɗauki abinka.